Jan biro a fayil ɗin Gwaggo: asibiti na ganin ciwon hanta, yana yin shiru

A bara na yi jinyar gwaggona kwana tara a wani babban asibiti da ba zan faɗi sunansa ba. Aikin maƙoƙo aka yi mata. Kafin a shiga da ita tiyata an rubuto mana gwaje-gwajen jini, muka biya, aka ɗibi jinin, sakamako ya fito aka liƙa a fayil. Ranar aiki sai muka ga an mayar da ita ta ƙarshe a layi, aka kuma ƙaro mana kayan da za mu sayo: safar hannu ninki biyu, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, da wasu tarkace. Ba mu tambayi dalili ba. Wanda ke da marar lafiya a kwance ba ya yawan tambaya, abin da aka ce ya kawo shi yake kawowa.

Sai ranar sallama, ina tsaye ina jiran a sa hannu, fayil ɗin yana hannuna, idona ya kai kan wasu haruffa uku a saman bangonsa. HCV, an zagaye su da jan biro. Na tari wata ma'aikaciyar jinya na ce, "Sista, don Allah mene ne wannan?" Ta leƙa ta ce, "Au, ba a gaya muku ba? Ciwon hanta ne, nau'in C. Ku dai samu ku ga likita." Ta wuce da sauri, don ana kiranta a wani gadon.

Kwana tara. Kullum da safe likitoci na zagayowa. Kowa ya ga jan zagayen nan, kowa ya ƙara safar hannu kafin ya taɓa ta. Amma ba a samu mutum ɗaya da ya ja kujera ya zauna minti biyar ya ce da ita, "Mama, mun ga wani abu a jininki, ga abin da yake nufi, ga inda za ki je" ba. Da ban buɗe ido a kan bangon fayil ba, da mun koma gida muna murnar an rabu da maƙoƙo, alhali abin da ya fi maƙoƙo haɗari mun taho da shi.

Tun daga ranar nake da matsaya a kan wannan magana. Gwajin ciwon hanta nau'in C da ake yi wa majinyata a asibitocinmu da dama, don ma'aikaci ya kare kansa ake yin sa. Kare kai haƙƙinsu ne, su ma 'ya'yan wasu ne, suna da iyali. Amma jinin na majinyaci ne, kuɗin gwajin daga aljihunsa ya fito, hantar da ke lalacewa ma tasa ce. Wajibi ne duk asibitin da ya ga wannan cuta a jinin mutum ya gaya masa da harshen da yake ji, ya haɗa shi da inda za a tabbatar a kuma ba shi magani, tun kafin a sa hannu a takardar sallama. Kuma duk baligin da aka kwantar a yi masa tayin gwajin, ko da sau ɗaya a rayuwarsa, ba sai wanda za a yi wa aiki kaɗai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan cuta ce da ake warkewa daga gare ta sarai.

Mutanenmu sun fi jin labarin nau'in B, wanda ke da allurar rigakafi amma maganinsa danne shi yake yi. Nau'in C akasin haka ne. Ba shi da rigakafi har yau, amma akwai ƙwayoyin da ake sha mako 12, wani lokaci a kai 24, waɗanda ke warkar da sama da kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka sha. A 1989 aka gano ƙwayar cutar, kuma mutum uku da suka yi aikin, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, sun sami kyautar Nobel a 2020. Ta jini take shiga. Idan ta shiga, wajen mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata shida. Sauran 7 kuwa tana zama.

Zaman nata irin na gara ne a jikin azara. Shekara goma, shekara ashirin, mutum yana noma, yana kasuwa, yana zuwa masallaci, ba zazzaɓi ba shawara. A cikin waɗanda ta zauna wa, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 hantarsu kan ƙanƙance ta taurare cikin shekara 20. Sannan ne ciki ke kumbura, ƙafa ta hau, ido ya yi ɗorawa, wani ya kama aman jini, wani kuma ta juye masa ta zama dajin hanta. A lokacin ne dangi ke cewa jifa ne, ko an ba shi wani abu ya ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke ɗauke da ita, kuma a 2022 ta kashe wajen 240,000.

"Ai ba ta da yawa a nan"

Wannan ce amsar farko da na samu daga wani abokina ma'aikacin lafiya. Yana da hujja. Binciken gida-gida da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, nau'in C kuwa kashi 1.1 ne kawai. Ya ce ga zazzaɓin cizon sauro, ga mutuwar mata wajen haihuwa, ga tamowa, wa zai bar waɗannan ya bi kashi ɗaya?

Na ce masa mu yi lissafi. 'Yan Najeriya da ke tsakanin waɗannan shekaru sun haura miliyan 100. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi ya wuce mutum miliyan 1. Jama'ar babban birni guda ke nan, mafi yawansu ba su san suna ɗauke da komai ba.

Sannan wancan adadi na mutanen da aka tarar a gidajensu ne. Ɗakin kwanciya a asibiti ba unguwa ba ne. Su wa ke kwance a can? Mai sikila da aka yi wa ƙarin jini sau goma tun yana yaro, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila. Mai ciwon ƙoda da ake jona wa inji sau biyu ko uku a mako. Mai cuta mai karya garkuwar jiki. Dattijon da ya sha allurai tun zamanin da ake dafa sirinji a tukunya. Matar da ta zubar da jini wajen haihuwa aka nemo mata leda biyu cikin dare. Da wanda hantar ce ma ta kawo shi. Shi ya sa idan aka yi bincike a kan irin waɗannan majinyata, abin da ake samu yakan zarce na sauran jama'a.

Wasu masana kan yi gargaɗi cewa kada a ɗauki alƙaluman asibiti a ce haka ƙasa take. Gaskiya ne, kuma duk ɗan jaridar da ya ɗauko binciken ɗakin wankin ƙoda ya ce "kashi kaza na 'yan Najeriya" ya yaudari mutane. Amma wannan gargaɗin ƙarfafa maganata yake yi. Idan masu cutar sun fi taruwa a asibiti, to asibiti ne wurin da ya fi sauƙin samun su. Ba sai an ɗauki mota an bi ƙauyuka ba. Sun kawo kansu, suna kwance, an riga an soka musu allura an ɗibi jini don wasu gwaje-gwajen. Ɗigo ɗaya ake buƙata a ƙara.

Game da cewa nau'in B ya fi yawa, ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Jini ɗaya ne, tebur ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya ne.

Laifi tudu ne

Duk ranar 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, za ka ji a rediyo ana jan kunnen jama'a: ku guji askar wanzami, ku guji masu yankan farce, ku daina tsaga da ƙaho da cire beli da kaciyar gargajiya da aska ɗaya. Duk wannan daidai ne. Askar da ta taɓa jinin wani ba a tsabtace ta ba tana iya ɗauko cutar, don ƙwayar na iya rayuwa kwanaki a busasshen jini.

Abin da ba a cika faɗa a rediyon ba shi ne, a ƙasashe irin namu, wurin neman lafiya kansa yana cikin manyan hanyoyin yaɗuwar wannan cuta. Allura da aka maimaita, kayan aiki da ba a turara su yadda ya kamata ba, da jinin da ba a tantance da kyau ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Tarihi ya nuna haka ƙarara. Masar ta taɓa zama ƙasar da ta fi kowace yawan masu nau'in C. A binciken 2008, kusan kashi 15 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 59 an ga sawun cutar a jininsu. Ba wanzamai ne suka jawo ba. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnati ta yi yaƙi da tsargiya a ƙauyukan bakin kogin Nilu. Ana jera mutane a layi ana yi musu allura a jijiya da sirinjin gilashi, ana maimaitawa ba tare da an tafasa shi yadda ya dace ba. Niyyar alheri ce, ma'aikatan lafiya ne, magani suka kawo, amma sun bar wa miliyoyin mutane ciwon hanta. A kudancin Kamaru ma masu bincike sun danganta yawan cutar a jikin tsofaffi da alluran da aka yi musu a zamanin mulkin mallaka.

Kada a ce talauci ne kaɗai. A Birtaniya, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, sama da mutum 30,000 suka kamu da nau'in C ko cuta mai karya garkuwar jiki ta hanyar jini da magungunan da aka haɗa daga jini, a asibitocin gwamnati. Kusan 3,000 sun rasu. Da rahoton binciken ya fito a Mayun 2024, Firaminista Rishi Sunak ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Abin da ya fi tsaya mini a wannan labari shi ne, cikin laifuffukan da rahoton ya lissafa har da ɓoye wa majinyata gaskiya. An gwada wasu ba da saninsu ba, an ga cutar, ba a gaya musu a kan lokaci ba.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa jinya ya ga wasu abubuwa da idonsa. Kwalbar magani ɗaya da ake zuƙa wa mutum biyar, wanda idan aka mayar da sirinjin da ya taɓa wani cikinta sau ɗaya, ko da an sauya tsinken, kwalbar ta gurɓata. Abin tsira yatsa don gwajin suga da ke yawo daga gado zuwa gado. Kayan cire haƙori ko na ɗinki da aka ɗauraye kawai, saboda babu wutar da za a kunna tukunyar turarawa. Kemis ɗin unguwa da ya zama ƙaramin asibiti, ana ɗaura ƙarin ruwa a bayan labule. Da mu kanmu, da muke ganin idan ba a yi mana allura ba kamar ba a duba mu ba, har mu ce ƙwaya ba ta yi mana aiki.

Maganar jini kuwa ta fi tsanani. Ƙa'ida ita ce kowace leda a tantance ta a kan cututtuka huɗu, ciki har da nau'in B da C, kuma tun 2021 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da jini ta ƙasa. Amma idan mace na zubar da jini ƙarfe biyun dare, dangi kan fita bakin ƙofa su nemo mai sayarwa, a gwada shi da ɗan tsinken gwajin gaggawa a ɗaura. Alhali akwai tsakanin da mutum ya riga ya kamu amma irin wannan gwaji bai fara nunawa ba, kuma yakan kai wata biyu ko fiye. Mai sayar da jini don yunwa ba zai tsaya ba ka tarihinsa ba.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi ƙasashe su koma amfani da sirinjin da ke kulle kansa bayan an yi aiki da shi sau ɗaya. Irin wannan mataki ba ya jiran kyawun halin kowa, shi ya sa nake goyon bayansa. Gajiyayyen ma'aikaci da ya kwana a tsaye zai iya kuskure. Sirinjin da ya kulle ba zai ba shi dama ba.

Ban kawo waɗannan don in tsoratar da kowa daga zuwa asibiti ba. Wanda ya ƙi asibiti ya tafi wajen mai tsaga ya faɗa abin da ya fi muni. Na kawo su ne don in nuna cewa asibiti yana da bashi a wuyansa game da wannan cuta. Wurin da wani kaso na masu ita suka same ta ba shi da bakin cewa ba aikinsa ba ne ya neme su.

"Idan an gaya masa ma, ina kuɗin magani?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma na daɗe ina juya ta. Masu ita kan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka gaya wa talaka yana da ciwon hanta, ba shi da kuɗin gwaji na biyu na tabbatarwa balle na magani, ka ɗora masa fargaba kawai ya tafi da ita gida.

Da a ce muna 2013 ne, da na yarda da su. A ƙarshen waccan shekara aka amince da sofosbuvir, maganin nau'in C, a Amurka, kuma kamfanin Gilead ya sa masa dala 84,000 na mako 12, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. Amma duniya ta wuce nan. Kamfanoni a Indiya da Masar da wasu wurare suna haɗa irinsa. A 2023 kamfanonin Viatris da Hetero suka amince su sayar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi haɗin magungunan sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 a kan dala 60. Na san kafin ya zo hannun majinyaci a Kano ko Sakkwato kuɗin ya ninka, ga faɗuwar naira, ga ribar 'yan tsakiya. Amma wannan matsala ce ta yadda muke saye. Gwamnatin jihar da ta sayi na mutum dubu goma a tare ba za ta biya abin da mutum ɗaya ke biya a kantin magani ba.

Masar ɗin nan da ta fi kowa shiga uku ita ta nuna hanya. Daga Oktoban 2018, cikin wata bakwai, ta gwada kusan mutum miliyan 50 kyauta, wanda aka samu da cutar aka ba shi magani kyauta. A Oktoban 2023 ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shaidar matakin zinare a kan hanyar kawar da cutar. Masar ba ƙasar Turai ba ce, da yawanmu sun je can karatu ko neman magani sun ga yadda talakanta ke rayuwa. A nan gida ma jihar Nasarawa, inda cutar ta yi yawa, ta ƙaddamar da shirin kawar da ita a 2020. Abin da jiha ɗaya ta fara, sauran ba su da uzurin cewa ba ya yiwuwa.

Gwaji na biyu shi ne inda mutane suka fi maƙalewa, kuma yana da kyau a fahimci dalilinsa. Gwajin farko sawun ɓarawo yake nunawa. Yana cewa ƙwayar ta taɓa shiga jikin nan. Na biyu ne ke faɗin ko tana ciki har yanzu, da kuma yawanta. Ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba. Sai dai injin GeneXpert da aka raba wa asibitoci da yawa don gwajin tarin fuka yana iya yin wannan aiki idan aka kawo masa kayansa. Injin yana nan, ma'aikacin da ya iya shi yana nan. Abin da ya rage shawara ce daga sama. Haka kuma, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya kuma jihohi na da hukumominsu na taimakekeniya, gwajin tabbatarwa da maganin mako 12 su ne irin abin da ya kamata inshora ta ɗauka ba tare da kai-kawo ba.

A kwatanta da kuɗin da ake kashewa idan an makara. Zuƙe ruwan ciki kowane 'yan makonni, ledojin jini, kwanciya bayan kwanciya, sayar da gona da akuyoyi, ƙarshe a ce sai dashen hanta a Indiya, wanda mutum ɗaya cikin dubu ba zai iya ba. Kuɗin da aka ce babu, iyalin za su kashe ninkinsa, a lokacin da ba zai amfane su ba.

Ko da a ce mutum ba shi da ko sisi, ba haƙƙin asibiti ba ne ya yanke masa hukunci. Mu mutane ne masu dangi. Wanda ya san ciwonsa zai gaya wa ɗan'uwansa, a yi karo-karo, a kai maganar masallaci, a sayar da tunkiya. Zai daina ba da jini. Zai ware rezarsa da abin yanke farcensa. Zai daina shan duk jiƙon da aka miƙo masa, wanda wani ke ƙara wa hanta wahala. Shirun asibiti ba ya hana mutum kashe kuɗi, mai lasifika a bakin tasha da ke tallan maganin shawara da hanta da basir a kwalba ɗaya shi ke karɓe su.

Tsoro da ƙyama

Akwai masu cewa sanarwa na jawo tsangwama. Na gani a gidanmu. Muna komawa, kafin kwana biyu an ware wa Gwaggo kofi da kwano, aka hana jikoki hawa gadonta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Sai da na tara su na maimaita abin da likita ya faɗa daga baya: ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko shan ruwa a moɗa ɗaya, ko musabaha, ko tari. Ba a hana uwa shayarwa. Daga uwa zuwa jariri yana faruwa amma kaɗan ne, wajen 1 cikin 20. Tsakanin miji da mata ma ba kasafai ba.

Rashin bayani ne ke haifar da ƙyama. Idan aka miƙa wa mutum takarda aka ce "kana da hanta" aka juya baya, shi da danginsa za su cike gurbin da jita-jita.

Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da nau'in B da C. Ina goyon bayan dokar. Amma ina tsoron a riƙa fasa aure saboda layi biyu a kan tsinken gwaji, alhali wataƙila jikin yarinyar ya kori ƙwayar tun tuni, in ma tana nan wata uku na magani ya isa. Har wanda ya warke, gwajin farko zai ci gaba da nuna sawu a jininsa. Duk wurin da aka ba izinin yin gwajin aure, a wajabta masa ya san wannan kuma ya faɗa wa waliyyai.

Ma'aikata sun yi kaɗan

Haka ne. Na ga nas ɗaya tana riƙe da ɗaki guda cikin dare. Na ga likitan da ya duba mutum sama da hamsin kafin azahar. Wanda bai tausaya musu ba bai yi jinya ba. Ita ma Sistar da ta ba ni amsa a tsaye ba na riƙe ta a zuciya, da ta so ma sai ta ce ba ta sani ba.

Shi ya sa ba na son a bar abin ga tunawar mutum ɗaya. A sa shi cikin tsari. A takardar sallama a ƙara layi guda: an sanar da majinyaci sakamakonsa, an tura shi wuri kaza, ranar kaza. Kada a rufe fayil sai an cike shi. Ɗakin gwaji ya riƙe rajistar duk wanda aka ga sawun cutar a jininsa, har da masu ba da jini da ake cewa "naka bai yi ba, a kawo wani" su tafi ba su san dalili ba, a sa mutum ɗaya ya riƙa kiran su a waya. An yi irin wannan a kan cuta mai karya garkuwar jiki, an horar da masu ba da shawara, an ware musu ɗaki, kuma ya yi aiki. Maganin nau'in C na yanzu bai da wuyar bayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce likitan da ba ƙwararren hanta ba da nas da aka horar za su iya kula da mafi yawan masu shi. Ƙasashen duniya, har da Najeriya, sun ɗauki alkawarin kawar da ciwon hanta a matsayin barazana nan da 2030. Ba a cika irin wannan alkawari da jan biro.

Gwaggo dai mun kai ta wajen likitan hanta. Aka yi gwaji na biyu, aka ga ƙwayar tana nan. Aka duba nau'in B kafin a fara magani, don idan akwai shi yakan iya tashi a lokacin, aka ga babu. Hoton ciki ya nuna hantar ta fara taɓuwa amma ba ta kai ga taurarewa ba. Likitan ya ce, "Hajiya, an taɓa yi miki ƙarin jini?" Ta yi shiru, sannan ta ce an yi, a haihuwar autanta, a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ta kusa tafiya. A lokacin ko sunan ƙwayar ba a sani ba, balle a gwada. Ya ce mai yiwuwa daga nan ne.

'Ya'yanta da mu muka haɗa kuɗi. Ta sha ƙwayoyin mako 12, kullum bayan sallar asuba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Aka jira wasu mako 12 aka sake gwadawa, ba a ga komai ba. Ta ce da ni, "Ɗan nan, ashe dama abin da sauƙi haka?" Autan ma an gwada shi, lafiyarsa ƙalau. An mayar da kofinta cikin na kowa.

Kwanakin baya na koma wancan ɗakin duba wata maƙwabciyarmu. Fayil-fayil na jibge a kan teburin nas-nas, kuma ko ban taɓa su ba na hango biyu masu jan zagaye a bango. Na tambayi wadda ke bakin aiki ko an gaya wa masu su. Ta ce likita ne zai gaya musu idan ya zagayo. Na roƙe ta don Allah ta tuna masa. Ta ce to.